Amsa ga ɗan'uwan da zai raka abokinsa Meziko: man alade ne matsalarka, ba coci ba

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, tambayarka ta taɓa ni, don na san irin wannan damuwar sarai. Ka ce abokin aikinka ɗan ɗarikar Katolika zai je ziyara Guadalupe, babban cocinsu da ke birnin Meziko, a watan Disamba, ya roƙe ka ka raka shi ku zaga birnin Meziko tare, kai kuma kana tsoron salla da abinci da shiga wuraren ibadarsu. Waɗanda suka ce maka "kawai ka fasa" ba su taimake ka da komai ba. Tafiyar tana yiwuwa, amma abin da kake tsoro ba shi ne zai fi ba ka wahala ba.

Kafin maganar addini, ka tsaya kan hanya, don a nan ake cutar mutanenmu. Idan kana da bizar Amurka, Kanada, Ingila, Japan ko ta Shengen mai rai, za ka iya shiga Meziko da ita. In babu, sai ka nemi tasu a ofishin jakadancinsu da ke Abuja. To masu sayar da tikiti, Allah Ya shirye su! Wani zai yanka maka tikiti mai araha ta Amurka, bai gaya maka cewa ko sauya jirgi kawai za ka yi a can sai da biza ba. Wani ya bi da kai ta Faransa ko Jamus, alhali fasfon Nijeriya yana buƙatar bizar ratse a filayen jiragensu. Sai ka je da kayanka, iyali sun rako ka, a teburin tantancewa a ce ba za ka hau ba, shi kuwa ya kashe waya, kuɗi sun tafi. Wallahi wannan zalunci ne, kuma sun san abin da suke yi. Hanya mafi sauƙi ita ce ta Istanbul, akwai jirgi daga can kai tsaye zuwa birnin Meziko. Kuma biza ba ita ce shiga ba. Idan ka sauka, jami'an shige da fice suna iya ware ka zuwa wani ɗaki, a karɓe wayarka, a bar ka zaune awanni ba wanda zai yi maka bayani, ba ruwan alwala, ba ka san ko azahar ta yi ba, abokinka yana waje bai san inda kake ba. Baƙin fata da fasfon Afirka ya fi faɗawa wannan, saboda suna zargin Amurka mutum zai tsallaka. Don haka duk takardunka su kasance a buge a kan takarda, ba a cikin waya ba: tikitin dawowa, shaidar biyan otal, takardar wurin aiki, bayanin asusun banki, da lambar wanda zai tarbe ku. Amsarka da ta abokinka su zo ɗaya kan kwana nawa za ku yi da inda za ku sauka.

Yanzu abinci, inda zan daɗe. Naman alade da kake gani da ido ba shi ne damuwa ba: al pastor (wanda ke juyawa a tsaye kamar shawarma), carnitas, chicharrón, chorizo, cochinita, da yawancin pozole, duk alade ne, ka haddace su ka wuce. Masifar ita ce manteca, kitsen alade da suke girki da shi. Yana cikin waken da suke damawa su soya, frijoles refritos. Yana cikin tamales (ƙullin masara da ake naɗewa a ganye a turara), har da waɗanda ba nama a ciki. Yana shiga tortilla (siririyar wainarsu) ta fulawa, da wasu burodi masu zaƙi, da miyar mole a wasu gidajen. Ka ce wa mai abinci ba ka cin alade, zai amsa da zuciya ɗaya cewa babu, don shi a wurinsa manteca mai ne kawai, ba nama ba. Ba ƙarya ya yi maka ba, tambayarka ce ba ta kai ba. Saboda haka tambaya biyu ce kullum: "No como puerco" (ba na cin alade), sannan "¿Tiene manteca de cerdo?" (akwai kitsen alade a ciki?) In ya ce vegetal ko aceite, na tsiro ne. Mantequilla kuwa man shanu ne, kada ka rikita su. Ka kuma leƙa farantin ƙarfen da ake suya a kai, don a bakin titi guda ɗaya ne, naman sa yana gefe, kitsen chorizo yana gangarowa kansa.

Abin da za ka ci hankali kwance yana da yawa. Tortilla ta masara ba komai a cikinta sai masara da ruwa da farar ƙasar da suke dafa ta da ita. Akwai guacamole (dakakkiyar fiya), ƙwai, nopales (ganyen cactus da suke ci), gasasshiyar masara, kifi da jatan lande gasassu. Soyayyen kifi mai ɓawon fulawa ka tambaya, don wasu da giya suke kwaɓa ƙullin. Frijoles charros akwai alade, borrachos akwai giya. Naman rago na barbacoa da kaza kuwa maganar yanka ce, kuma ka san saɓanin malamai kan yankan Ahlul Kitabi, ka tambayi malaminka tun kana gida, kada ka bari sai yunwa ta yi maka fatawa. Abin sha za ka ji daɗi: agua de jamaica zoɓo ne tsantsa, tamarindo tsamiya ce, horchata ta shinkafa ce da kirfa. Ka nisanci pulque da rompope, masu sa maye ne, tepache ma an bar shi ya yi tsami. Ruwan famfo ba a sha, na roba za ka saya, shagunan OXXO suna ko'ina. Ka sa garin rogo, ƙuli-ƙuli da dabino a jaka, amma kada ka ɗauki kilishi, za a ƙwace a filin jirgi.

Salla. Alƙibla daga birnin Meziko arewa maso gabas take, wajen digiri 47, ba gabas sak da muka saba ba. Suna bayan Nijeriya da awa 7, ka gyara manhajar lokutan salla da hannunka. Ba za ka ji kiran salla ba, Musulmin ƙasar gaba ɗaya ba su kai 8,000 ba a ƙidayar 2020, cikin mutum miliyan 126. Juma'a akwai a cibiyar Musulmi da ke unguwar Anzures, titin Euclides, ba nisa da babban wurin shaƙatawa na Chapultepec. Ka tuntuɓe su kan lokacin huɗuba, kuma su ne za su nuna maka inda ake samun naman halal. A mazhabar Malikiyya in ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari, cika salla za ka yi. In za ku fita gari, Teotihuacan, inda tsoffin dalarsu suke, kimanin kilomita 50 ne, bai kai nisan ƙasaru ba, Puebla kuwa wajen 130, ya kai. Banɗakunansu babu ruwan tsarki, sai takarda, na kasuwa ma biya ake da 'yan silalla, don haka ƙaramar gora da siririyar darduma kada su bar jakarka. Garin yana kan tudu mita 2,240, da asuba a Disamba sanyi ne mai shiga ƙashi, kuma ranakun farko hawa bene kaɗai zai sa ka haki. Ba ciwo ba ne, ka sha ruwa ka rage gaggawa.

Game da Guadalupe, ranar 12 ga Disamba miliyoyin mutane ne ke cika tudun Tepeyac inda cocin yake, wasu da rarrafe a kan gwiwa, akan ma rufe tashar jirgin ƙasa mafi kusa. Wannan ranar ibadarsa ce, ka bar shi ya yi abinsa, ku tsayar da wurin haɗuwa da lokaci, don waya ba ta shiga a cikin wannan turmutsutsu. Kai ka tafi gidan tarihin Antropología a Chapultepec, sai dai Litinin a rufe yake. Abin da nake roƙonka shi ne ka zaunar da shi tun kafin ku sayi tikiti, ka ce masa: zan raka ka har bakin fili, ba zan durƙusa ba, ba zan kunna kyandir ba, ba zan karɓi ruwan albarka ba, kuma sau biyar a rana zan tsaya. Kunya ce ke kayar da mu a tafiya, ba mugunta daga wurinsu ba. Mutanen Meziko masu karamci ne ƙwarai, tsohuwa za ta tura maka faranti tana kallon fuskarka, a nan ne mutum ke haɗiye abin da bai yi niyya ba. In abokinka ya riga ya faɗa musu, an gama. Haka gaisuwa: mata suna sumbatar kunci, ka riga su ɗora hannu a ƙirji da murmushi, suna ganewa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: a dandalin Zócalo, gefen babban cocin da kangon Templo Mayor, tsohon wurin bautar mutanen Aztec, akwai masu rawa da gashin tsuntsu a ka, suna kiran mutane su yi musu limpia, su turara ka da hayaƙin turaren copal suna shafa ka da ganye wai don korar sharri. Baƙi suna ɗauka wasa ne na hoto. Tsafi ne, kada ka tsaya a layin.

In kun samu rarar kwana, ku je Cholula kusa da Puebla, ka ga cocin Capilla Real mai ƙubba 49, tsarinta irin na masallacin Ƙurɗuba, a cikin birnin Meziko kuma ka ga Kiosco Morisco, rumfa mai ado irin na ginin Musulmi, a unguwar Santa María la Ribera. A jihar Chiapas kuma, a San Cristóbal de las Casas, akwai 'yan ƙabilar Tzotzil da suka musulunta tun wajen 1995, suna da masallatansu, sai dai nisa ne, jirgi za ku hau. Cikin gari jirgin ƙarƙashin ƙasa peso 5 ne, taragun gaba na mata da yara ne kaɗai, kada ka yi kuskuren shiga, wayarka kuma a aljihun gaba. Da dare ku kira Uber ko DiDi, ban da tasin da aka tare a titi. Ramin wutarsu irin na Amurka ne, ka sayi mahaɗin caja tun daga gida.