Ku Tambayi Malama: Filin Wasa, Ɗakin Kwana da Makarantun Kuɗi

Yawancin wasiƙun wannan watan a kan makarantu masu zaman kansu suka zo. Na zaɓi huɗu, na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Assalamu alaikum Malama. Ɗana shekararsa 15, yana makarantar kuɗi ta jeka-ka-dawo, baɗi zai zauna jarrabawar gama sakandare. Makarantar ta wajabta musu wasanni da yamma sau uku a mako, ga shi ya shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo. Zangon da ya wuce lissafinsa ya yi ƙasa sosai. Ni karatu na biya wa kuɗi, ba ƙwallo ba. Ina so in rubuta wa shugaban makarantar a cire shi daga duka biyun, in ɗaukar masa malamin lesin a wannan lokacin. Na yi daidai? — Wani uba

Wa alaikumus salam Malam. Ka dakata da wasiƙar nan tukuna. Damuwarka a kan hanya take, amma har yanzu ba mu san ko ƙwallon ne ya kayar da lissafin ba. Je ka makarantar ka nemi takardar jarrabawarsa ta zangon da ya wuce, ku zauna da malamin lissafin ku bi ta tambaya bayan tambaya. Sau da yawa za a tarar babi ɗaya ne ya kuɓuce wa yaro, shi kuwa lissafi kowane babi a kan na baya yake hawa, sai duk abin da ya biyo ya rushe. Idan haka ne, gyaran na 'yan makonni ne, kuma bai shafi filin wasa ba.

Sannan ka lissafa masa awanninsa na kwana ɗaya, ka fara da barci. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Ƙarfe nawa yake kwanciya? Wayarsa a ina take kwana? A cikin barci ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana ta adana shi. Yaron da ke kan waya har ɗayan dare, ko malaman lesin uku aka ɗaukar masa, abin da zai riƙe kaɗan ne.

Game da wasannin kuwa, makarantar ba ta wuce gona da iri ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yara daga shekara 5 zuwa 17 su riƙa samun motsa jiki na aƙalla minti 60 a rana, irin wanda ke sa numfashi ya hau. Yamma uku a mako ko kaiwa nan ba ta yi ba. A wani bincike da masanan hukumar suka fitar a 2019, an gano kusan kashi 81 cikin 100 na matasa 'yan makaranta a duniya ba sa samun wannan adadin. Ɗanka yana cikin 'yan ƙalilan da makarantarsu ke tura su fili, kai kuma kana shirin dawo da shi kan kujera.

Ba zan ce maka buga ƙwallo zai ƙara masa maki a lissafi ba. Abin da na gani a shekarun da na yi ina koyarwa shi ne, awannin da aka ƙwace daga fili ba kasafai suke komawa cikin littafi ba. Yaron zai zauna, littafin a buɗe, ransa a ɓace, kunnensa yana wajen ihun abokansa. Ya yi asarar wasan, karatun ma bai shiga ba, sai ƙullin da ya ƙaru tsakaninsa da mahaifinsa.

Wasan kwaikwayon ma ina roƙonka ka sake dubawa. Akwai wani yaro da na koyar, mai in'ina, wanda ko sunansa aka kira a aji sai ya sunkuyar da kai. Malamin wasan bai ɗora shi a kan dandamali ba. Ya ba shi takardun wasan ya zaunar da shi a bayan labule, aikinsa ya riƙa raɗa wa duk wanda ya manta maganarsa. Kafin ranar nunawa ya haddace wasan daga farko har ƙarshe, ya san inda kowa ke tuntuɓe, har yakan motsa leɓe kafin mai maganar ya iso wurin. Wata rana ya yi zazzaɓi bai zo ba, atisayen ya gagara, yara shida suka tafi duba shi a ɗakin shan magani. Wannan ne karo na farko da ya ga cewa in ba ya nan ana jin rashinsa. Daga wannan zangon ya fara ɗaga hannu a aji. Irin wannan ma yana cikin abin da ka biya wa kuɗi, ko da ba a rubuta shi a takardar sakamako.

Inda zan goyi bayanka shi ne idan yana rasa darussa saboda tafiye-tafiyen gasa, ko atisayen wasan yana kaiwa dare. Wannan ka yi wa shugaban makarantar magana kai tsaye. In ba haka ba, ka sa lesin ɗin a ƙarshen mako, awa biyu sun isa, a kan babin da ya kuɓuce kawai. Wayar ta riƙa kwana a ɗakinka. Ka kuma zaunar da yaron ku yi shawarar tare, domin ɗan shekara 15 ya fi riƙe alkawarin da aka ɗauka da shi.

Malama, 'yata shekararta 12, bana na kai ta makarantar kwana mai tsada. Da ta dawo hutu ta zama shiru-shiru, ba ta cin abinci sosai, kuma da an ambaci komawa sai ciwon ciki. Na kira makarantar sun ce lafiyarta ƙalau, kewar gida ce kawai. Mahaifinta ya ce shagwaɓa ce. Hankalina bai kwanta ba. — Uwa mai damuwa

Hajiya, kada ki yi watsi da rashin kwanciyar hankalin nan. Wannan wasiƙar ce ta fi tsaya mini a rai.

Kewar gida gaskiya ce, amma takan lafa idan yarinya ta dawo gida. Wadda ta dawo ta ci gaba da yin shiru, ta rage ci, jikinta yana ciwo da an ambaci makaranta, akwai abin da take ɗauke da shi. Ciwon cikin ma ba ƙarya ba ne, tsoro yakan sauka a ciki da kai. Ki fara kai ta wurin likita a tabbatar babu wata cuta.

Wajen tambayarta, kada ki tsare ta da ido ki ce wa ya taɓa ki. Za ta ce babu kowa. Ki bari sai kuna wani aiki tare, hannuwanku a shagale, sai ki riƙa tambayar ƙananan abubuwa. Wa ke kwana kusa da gadonta? Da wa take zama a ɗakin cin abinci? Wa ke ɗebo wa siniyoyi ruwa, wa ke musu wanki? Bayan an kashe fitila me ake yi? Wane wuri ne a makarantar ba ta son bi? Duk abin da ta faɗa ki daure kada ki zabura, domin in ta ga kin firgita za ta rufe baki don ta kāre ki.

Abin da na fi zato shi ne cin zali. Rahoton da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zalin 'yan uwansa ɗalibai aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci tambayarsa, kuma tsadar makaranta ba ta hana shi. Dan Olweus, masanin da ya fara nazarin abin sosai tun shekarun 1970, ya bambanta shi da faɗan yara da abu uku: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. A tsakanin 'yan mata sau da yawa babu duka. A daina yi mata magana, a tashi in ta zauna, a ɓoye mata kaya, a laƙaba mata suna. Malamin da ke shiga aji ya fita ba zai ga komai ba, shi ya sa za su iya ce miki lafiya ƙalau da zuciya ɗaya. Sai dai kada ki rufe ƙofar wasu dalilan. Wataƙila ta fara al'ada babu wanda ya shirya ta, ko kuma, Allah ya kiyaye, wani babba ne ke takura mata. Ki saurara da kunne a buɗe.

Kada ki sake yin maganar ta waya. Ku je ke da mahaifinta, ku nemi ganin malamar da ke kula da ɗakin kwanansu, ba ofishin karɓar baƙi ba. Ki tambaye ta su wa ne ƙawayen 'yarki. In ta kasa kawo suna biyu, kin san ba wanda ke lura da yarinyar. Ki tambaya wane babba ke kwana kusa da ɗakin, yara nawa ke hannunsa, ko an yarda siniyoyi su yi horo, da kuma hanyar da yarinya za ta kai ƙara ba tare da an gan ta ba. Ki nemi a nuna miki dokarsu ta cin zali a rubuce. A ƙasar Finlan akwai wani tsari mai suna KiVa da Jami'ar Turku ta ƙirƙiro, wanda ya mayar da hankali kan 'yan kallo, wato yaran da ke tsaye suna dariya ko suna shiru, domin su ne ke ba mai cin zalin ƙarfi. Makarantar da ta san aikinta za ta yi miki maganar ɗakin gaba ɗaya. Wadda ta ce za ta kira yarinyar da ake zargi ta yi mata bulala, gobe 'yarki ce za ta biya bashin.

In kuwa ta taɓa ambatar mutuwa, ko kin ga rauni a jikinta da ta kasa bayani, kada ta koma sai likita ya gan ta an gano bakin zaren, ko da kuɗin zangon zai tafi. Ki gaya wa mahaifinta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Kiran abin shagwaɓa yana sa yara su ƙara ɓoyewa.

Ni malamin zane ne a wata makaranta mai zaman kanta. Ba a tunawa da ni sai bikin raba kyaututtuka ya matso, a ce in zaɓo zanen yara biyar mafi kyau a liƙa don iyaye su gani. Darasina ne ake fara yankewa in jarrabawa ta zo. Na fara tunanin barin aikin. — Malamin zane

Malam, na fahimci ɓacin ranka. Makarantar kuɗi tana sauraren iyaye fiye da yadda take sauraren malamai, don haka ta wurin iyayen za ka bi. Bikin da ke tafe ka nemi bango guda, ka liƙa aikin kowane yaro a ajin, ba biyar ba. A gefen kowane zane ka sa wanda yaron ya yi a makon farko na zango, domin a ga tafiyar da ya yi. Uwar da ta tsaya gaban zanen ɗanta, ta ga yadda hannunsa ya nuna cikin wata uku, ita ce za ta tambayi shugaban makaranta dalilin yanke darasin. Kana da madogara kuma: sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya sanya hutu da wasa da shiga harkokin fasaha cikin haƙƙoƙin yaro. Ka ba abin shekara guda. In bango ɗaya ma ya gagara, to ka nemi inda za a san darajarka, ba zan ga laifinka ba.

Anti, ina aji biyar na sakandare. A makarantarmu maza ne ke da fili kullum. Mu mata sai mu zauna a inuwa muna kallo, sai gasar gida-gida ta zo a ce mu fito mu yi gudu ba tare da atisaye ba. Muna son ƙwallon raga. Me za mu yi? — Ɗaliba

'Yata, kin burge ni. Binciken nan na masanan Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 da na ambata ya nuna rashin motsa jiki ya fi yawa a wajen mata, kashi 85 cikin 100, maza kuma 78. Rashin fili da rashin wurin da za su sake suna cikin abubuwan da ke zaunar da su. Gudu babu atisaye kuma hanyar targaɗe ce.

Kada ki je ke kaɗai. Ki tattara sunayen duk masu so, ƙwallon raga mutum shida ne a kowane ɓangare, don haka goma sha biyu sun isa a fara. Ku sami malama mace guda da za ta yarda ta tsaya muku. Sannan ku rubuta wa shugaban makaranta takarda gajera mai bukata ƙarara: yamma biyu a mako, rana kaza da rana kaza, raga ɗaya, ƙwallo biyu, wurin da maza ba sa taruwa, da izinin sa kayan wasan da ke suturta jiki yadda kowace za ta sake. Filin ƙwallon raga tsawonsa mita 18 ne, faɗinsa mita 9, ba za a ce babu wuri ba. Kowace ta kuma gaya wa iyayenta su ambaci maganar a taron iyaye da malamai. In an ba ku, ku riƙa fita ko da ku takwas ne, kuma ku jawo 'yan aji ɗaya da aji biyu tun yanzu, don kada abin ya mutu ranar da kuka gama. Ki rubuto mini bayan hutu in ji yadda kuka yi da shugaban.