Su wane ne mahaya biyu a bayan tsabar azurfar Rum?

Ka tambayi ko su waye mahaya dawakan nan biyu masu riƙe da masu a bayan tsabar da ka gani. Kasta da Folaks ne, tagwayen da Rumawa ke bauta wa. Duba saman kawunansu, za ka ga tauraro ɗaya-ɗaya, alamarsu ke nan. Rumawa sun yi imani su ne suka taimaka musu a yaƙin tafkin Regillus, har suka gina musu ɗakin bauta a tsakiyar birnin a shekara ta 484 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Tsabar sunanta denarius, inda kalmarmu ta dinari ta samo asali ta hanyar Larabci, ko da yake tasu azurfa ce. An fara buga ta wajen 211 kafin haihuwar Annabi Isa, nauyinta kusan giram 4.5, daga baya ya sauko zuwa 3.9. Kan mace mai kwalkwali da ke gaba, gunkiyar birnin ce, Roma. Alamar X kuwa daraja ce: kuɗin tagulla 10.

Kafin ka saya, auna ta da sikelin maƙeran zinariya. In ta yi rashin nauyi sosai, ko ja-ja ya leƙo a inda ta goge, mai yiwuwa tagulla ce aka lulluɓe da azurfa, jabun da ake yi tun zamanin. Ta gaske da guduma aka buga ta. Wadda aka zuba a mazubi kuwa jabu ce, tana da layin haɗi a gefe da 'yan ramuka.

Kada ka goge ta, darajarta za ta faɗi, kuma tsohuwar azurfa kan yi gautsi ta karye.