Baƙin mai ya koma kalar zuma, ya gyaru ke nan?

Tambaya: Injiniya, ina da gareji a Tudun Wadan Gombe. Wani ya koya mini in zuba wa baƙin man da aka juye daga inji fetur da ruwan batir, in bari ya kwanta, in tace da ƙyalle. Ya yi kyau kamar zuma. Na zuba wa wani mai Keke Napep, sati biyu injinsa ya buga. Hankalina ya tashi, ni na jawo masa?

Amsa: Malam, da wuya a ce babu hannun man nan.

Ana farfaɗo da baƙin mai da sinadarai, gaskiya ne. A masana'anta ana haɗa shi da irin su butanol, kusan kashi 3 na sinadari ga kashi 1 na mai. Sinadarin ya narkar da man, dattin ya kwanta ƙasa. Sai a dafa a rufaffiyar tukunya, sinadarin ya fita a matsayin tururi a kama shi, domin butanol yana tafasa ne a wajen digiri 118. Abin da ya rage tushen mai ne kawai, sai an ƙara tace shi, an zuba masa magungunan hana tsatsa da cin ƙarfe, an auna kaurinsa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar kala. Kullum sai an ɗaga mini gora a rana ana cewa, duba yadda ya washe. Kala ba ta shafa wa inji komai! Fetur ɗin da ka zuba bai je ko'ina ba, yana ciki, ya tsinka man. Inji na ɗaukar zafi sai man ya zama ruwa, ƙarfe ya riƙa gogar ƙarfe. Man inji mai kyau sai ya kai wajen digiri 200 kafin tururinsa ya kama wuta, na fetur kuwa ko da sanyin hunturu tartsatsi ɗaya ya ishe shi, ga mai walda a gefenka. Ruwan batir kuma asid ne, yana zaune a ciki yana cin mital, wato zoben ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsa. Ƙyalle ba ya tare garin ƙarfen da ido ba ya gani. Masu koyar da wannan ba su za su biya kuɗin gyara ba.

Ka daina yau. Ka rufe durorin nesa da wuta, kada ka zubar a kwata, rijiyoyin unguwa zai bi. Sannan ka nemi bawan Allahn nan ka faɗa masa gaskiya, ku zauna kan kuɗin gyara. Da Keken nan yake ciyar da iyali, wataƙila ma balas yake kai wa mai shi kowace yamma.