Filin Tambayoyinku: In kai shukata shago a sauya mata tukunya?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ina da itacen roba na ado a falo, shekara 4 ke nan yana cikin tukunya ɗaya. Yanzu saiwoyinsa sun leƙo ta hudar ƙasa, in na zuba ruwa sai ya zarce ya fito nan take, ganyen ƙasa-ƙasa kuma suna yin rawaya suna zubewa. Tsayinsa ya kai kafaɗata, tsoron taɓa shi nake yi. Masu wani shagon furanni sun ce in kawo su sauya masa tukunya, amma maigidana ya ce ɓarnar kuɗi ce, ai ƙasa ce kawai. Me kika gani?

Amsa: Barka kadai, ƙanwata. Ki gaishe min da maigida, ki ce masa da shukar ba ta wuce gwiwa ba, da na goyi bayansa. Amma itacen da ya kai kafaɗa aikin mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe gindi, ɗaya ya zare tukunya. Ga kuma farin ruwan nan mai danƙo da itacen roba, wato Ficus elastica, ke fitarwa in reshe ya karye, yana sa ƙaiƙayi a fata. Ki kai shi.

Alamun da kika lissafa duk magana ɗaya suke yi: saiwa ta cinye tukunyar, ba sauran ƙasar da za ta riƙe ruwa.

Sai dai kada ki ajiye musu ki yi tafiyarki. Ki tsaya a zare shi a kan idonki. Lafiyayyar saiwa tana da haske da ƙwari in an matsa ta. Wadda ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari, ruɓa ce, sai an datse ta da almakashi mai tsabta. Waɗanda suka nannaɗe kamar gammo kuma a warware su da yatsu, in ba haka ba haka za su ci gaba da zagaye a sabon wurin. Wanda ya san aikinsa zai yi wannan ba sai kin roƙa ba. In kin ga an ɗauke curin yadda yake an jefa cikin sabuwar tukunya, ki yi magana.

Inda nake so ki buɗe kunne shi ne girman tukunya, don ni an taɓa yi min. Na kai tawa wani shago, yaron wurin ya nuna min wata kyakkyawa da ta ninka tsohuwar faɗi, ya ce in na saya na huta da dawowa. Na huta kuwa, domin kafin wata biyu shukar ta mutu. Ƙasar da ta yi wa saiwa yawa takan kwana da kwanaki a jiƙe, saiwa kuwa tana numfashi, in ruwa ya toshe mata iska sai ta ruɓe. Santimita 2 zuwa 5 a kan faɗin tsohuwar ya wadatar. Kuma lalle ta kasance da huda a ƙasa. In ranki ya biya da wata marar huda, a dasa a ta roba mai huda, ki ɓoye ta a cikin kyakkyawar.

Wataƙila za su ce a zuba tsakuwa a gindi don ruwa ya riƙa wucewa. Ki ce a'a. Ruwa ba ya saurin sauka daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa sai ƙasar ta sha ta ƙoshi, saboda haka tsakuwar tana ƙara matso da damshi kusa da saiwa ne. Ɗan ragar da zai tare hudar ya isa.

Ki tambaye su abin da ke cikin ƙasar da za su zuba. Ƙasar lambu zalla takan danƙare a tukunya. Abin da ake so haɗi ne mai sakayau: zaren ɓawon kwakwa, ɓawon itace, da falayit, fararen ƙwayoyin nan marasa nauyi da ake samu in an gasa wani dutsen aman wuta ya kumbura. Kada kuma a binne gindin fiye da inda ƙasa ta tsaya masa a da.

A hanya kada ki bar shi cikin rufaffiyar mota a rana. Da kin iso, ki leƙa bayan ganye ko ya kwaso fararen ƙwarin nan masu kama da auduga, tunda shago matattara ce. Ki mayar da shi inda ya saba zama, ki ba shi ruwa har ya fito ta ƙasa, daga nan kada ki ƙara sai kin tura yatsa kin ji sama ya bushe. Taki kuma ki dakata sai bayan mako 4 zuwa 6. Zai iya zubar da ganye biyu ko uku, jigatar dashe ce, kada hankalinki ya tashi. Ranar da kika ga jan tsinin nan na sabon ganye ya ɓullo a samansa, ki kira maigida ya zo ya gani.