Tsohuwar Kosta da aka mayar ɗaki ta lalace a tafiyar farko: zan iya mayar wa mai ita?

Tambaya daga wani mai karatu a Daura: "Barista, na sayi tsohuwar bas Kosta a Katsina wajen wani bawan Allah da ya cire mata kujeru ya mayar da ita kamar ɗaki, da gado, da wurin girki mai tukunyar gas, da tankin ruwa, da sola a kan rufi. Ya ce mini injin Beljiyam ne, bai daɗe da ɗora shi ba. Na je da bakanikena ya tayar da ita ya saurara, na biya, muka sa hannu a wata takarda mai cewa na saya yadda na gani. Tafiyar farko na ɗauki iyali za mu Yankari. Muna wuce Kazaure ta fara zafi, na riƙa ƙara ruwa har muka shiga Kano, a can aka ce gaskit ya ƙone. A hanya kuma 'yan kiyaye haɗurra sun rubuta ni, sun ce takardu da mota ba su yi kama ba. Da janwe ya dawo da ita gida sai na ga lambar shasin da ke takardar kwastan ba ita ce a jikin motar ba. Mai motar ya ce ciniki ya faɗa. Abokaina sun ce in sa 'yan sanda su kama shi ya biya ni. Ina mafita?"

Malam, Allah ya mayar da alheri. Takardar da kuka sa wa hannu ba ta gabana, kuma bakin mutum ɗaya na ji, don haka duk abin da zan faɗa yana iya sauyawa idan lauyanka ya karanta ta. Amma daga yadda ka tsara tambayar, na lura hankalinka yana kan injin, alhali nan ne hujjarka ta fi rauni. Inda kake da ƙarfi shi ne abin da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, wato lambar shasi.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan mota ta lalace jim kaɗan bayan saye, dole mai ita ya karɓi abarsa ya dawo da kuɗi. Babu dokar da ta ce haka kai tsaye. Ƙa'idojin cinikin kaya da kotunanmu suka gada daga dokar Ingila ta 1893 sun fara ne da cewa mai saye ya buɗe idonsa. Alkawarin cewa kaya suna da nagarta yana hawa kan wanda sana'arsa ce sayar da irin waɗannan kaya. Idan mutumin nan motarsa ce ta kansa ya gaji da ita ya sayar, da wuya wannan alkawarin ya hau kansa. Ko da ma dillalin motoci ne, tunda ka kawo bakanike ya duba, ba za ka iya kuka da aibin da ya kamata dubawar ta bayyana ba. Tayar da mota a tsaye a saurari ƙararta kuwa dubawa ce ta rabi. Injin dizal mai matsalar zafi ba ya tona kansa sai an ɗora masa nauyi an yi tafiya mai nisa, a buɗe murfin lagireto da sanyi a ga ko ruwa na tasowa da kumfa, a zaro sandar baƙin mai a ga ko ya yi fari-fari kamar an zuba madara. Lauyan ɗaya ɓangaren zai tambayi bakanikenka ko ya yi waɗannan.

Sai kuma tazarar Kazaure zuwa Kano. Allura ta hau, ka ci gaba da tafiya kana ƙara ruwa. Abin da za a ce shi ne kai ka ƙona gaskit ɗin, kuma ba magana ce da za a yi watsi da ita ba, domin ƙaramin yoyo a tiyo ko toshewar lagireto gyara ne mai sauƙi, tuƙi a kan zafi ne ke mayar da shi ƙonewar gaskit ko lanƙwasar kan inji. Ga nauyin da aka ƙara mata: lita 200 ta ruwa kilo 200 ce, ban da katako da batura.

Ba ina cewa ba ka da komai a kan injin ba. Furucin "Beljiyam ne, ban daɗe da ɗorawa ba" bayani ne na siffar kaya, ya wuce kurin talla irin na "mota ce lafiya lau". Idan aka buɗe aka tarar inji ne da aka sha yi wa aiki a gida, an kankare kansa, an sa masa maganin toshe yoyo don ya kai ranar ciniki, to wannan ɓoye aibi ne, kuma rubutun "na saya yadda na gani" ba kasafai yake kare wanda ya yi ƙarya da gangan ba. Matsalar ita ce tabbatarwa. A gaban wa ya faɗa? Akwai saƙon murya ko rubutu a WhatsApp? Idan akwai dillalin da ya ci la'ada a cinikin, zai yarda ya faɗi abin da ya ji?

Idan ku biyun Musulmi ne kuka tafi kotun shari'a, hanyar ta ɗan bambanta amma wurin da za a tsaya kusan ɗaya ne. A mazhabar Malikiyya mai saye yana da zaɓin mayar da kaya saboda tsohon aibi da ba a bayyana masa ba, sai dai idan ya san aibin ya ci gaba da amfani da kayan, ana ɗaukar hakan yarda ce. Malamai sun yi wa matafiyi uzuri idan ya gano aibin abin hawansa a hanya kuma ba shi da yadda zai yi, wannan zai iya taimakonka game da kaiwa Kano da iyali a cikin mota. Amma idan kayan sun canza sosai a hannun mai saye, sau da yawa abin da ake hukuntawa shi ne bambancin kuɗin mai aibi da marar aibi. Alƙali zai nemi masana su faɗi ko aibin tsoho ne ko sabo. Shi ya sa nake cewa kada ka bari kowa ya kwance injin nan yanzu. A buɗe shi a gaban bakaniken da ku biyun kuka amince da shi, a ɗauki hoto, a ajiye tsohon gaskit ɗin.

Yanzu lambar shasi. Kafin ka zargi kowa, ka sa a goge ƙarfen shasin da burushin waya a karanta lambar da aka buga a jikinsa, a gwada ta da farantin kamfani da ke jikin motar, da takardar kwastan, da lasin mota, da takardar mallaka. Harafi ɗaya ko lamba ɗaya da ta saɓa yana iya zama kuskuren mai bugawa, ana gyara shi. Idan lambar gaba ɗaya daban ce, to ko dai takardar wata mota aka haɗa maka da ita, ko an sauya jiki, ko motar ba a taɓa biya mata kuɗin fito ba. Idan ka ga alamar walda ko goga a kewayen lambar, ka daina duk wata magana da mai motar sai da lauya, domin tambayar ta koma ko motar tasa ce ma tun farko.

A nan akwai kuskure na biyu da nake so in gyara. Rasit da sa hannun shaidu ba sa wanke motar da ba a biya mata fito ba. A ƙarƙashin dokar Hukumar Kwastan ta 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kamun yana bin kayan ne a hannun duk wanda aka same su, ko da da zuciya ɗaya ya saya. Kuma tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kai kuma kana zaune ne a Daura, kusa da Kongolam, inda shingayen kwastan ba baƙon abu ba ne. Kada motar nan ta hau titi. Kada kuma ka yi tunanin sayar wa wani ka huta, yanzu da ka sani laifin zai zama naka. A tura lauya ko wakilin kwastan mai lasin ya tantance takardar a ofishinsu na Katsina, da sanin cewa amsar tana iya zuwa da kuɗin da za a biya. Idan har aka kama ta, shari'ar kwastan ta Babbar Kotun Tarayya ce bisa sashe na 251 na tsarin mulkin 1999, ba a gama ta da wuri kuma ba a gama ta da arha.

Amfanin wannan a gare ka shi ne, duk mai sayarwa, ɗan kasuwa ne ko ba ɗan kasuwa ba, doka ta ɗora masa cewa yana da ikon sayar da abin, kuma mai saye zai mora ba tare da wani ya zo ya ƙwace ba. "Yadda na gani" magana ce a kan tsatsa da tayoyi, da wuya kotu ta fassara ta da cewa ka yarda da takardar wata mota. Wanda ya ce maka ciniki ya faɗa bai yi wannan lissafin ba, ko ya yi yana fatan kai ba ka yi ba.

Batun 'yan sanda gajere ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, kuma wanda ya sa aka tsare wani a kan bashi yana iya tsintar kansa ana ƙararsa a kan tauye haƙƙi. Takardar jabu ko zamba laifi ne da za ka iya kai rahoto, amma sai an tantance, kuma rahoton ba ya dawo da kuɗi. Kada ka rubuta masa cewa "ka biya ko in sa a kama ka".

Rubutun da 'yan kiyaye haɗurra suka yi maka kuwa, galibinsa naka ne. Sauya launi, sauya inji, da mayar da motar haya ta zama ta gida duk ana kai su ofishin lasin mota a gyara takardu, jami'an duba lafiyar mota su sake ganin ta. Ka duba lasin tuƙinka ma: ajin B na motocin da ba su kai tan 3 ba ne kuma bai haɗa da bas ba, Kosta ta wuce nan. Inshorar wajibi ta motar gida Naira 15,000 ce tun Janairun 2023, amma idan takardar inshorar tana siffanta motar da ba ita ce a ƙasa ba, ka ba kamfanin kafar gardama ranar da aka yi hatsari, musamman da tukunyar gas a ciki.

Abin da zan ba da shawara shi ne lauya ya rubuta masa wasiƙa yanzu, domin jinkiri ana karanta shi a matsayin yarda da kaya. Wasiƙar ta tsaya a kan lambar shasi, ta ambaci injin a matsayi na biyu, ta ba shi mako biyu, ta gayyace shi zama. Zaman zai iya kasancewa gaban dillalin da shugabannin masu sayar da motoci, ko wani dattijo da yake jin kunyarsa, ko cibiyar sasanci ta babbar kotun jiha. Ka shiga da abu biyu a hannu: ko ya karɓi motarsa ya dawo da kuɗin, ko da kashi-kashi ne, kai ka yafe kuɗin janwe da wani abu na gaskit, ko ka riƙe motar shi ya ɗauki nauyin daidaita takardun kwastan gaba ɗaya, ku raba kuɗin gyaran inji. Na biyun ba shi da amfani sai tantancewa ta nuna takardun masu gyaruwa ne.

Duk abin da aka cimma a rubuta shi da ranakun biya, da mai tsaya masa, da abin da zai faru idan ya tsallake wata ɗaya. Motar da asalin takardunta su zauna a hannunka ko hannun wanda kuka aminta da shi har sai kuɗin ƙarshe ya shiga, kuma biyan ya bi ta banki.