Amsa: me ya sa ba a tashi in an yi gargaɗin ambaliya?

Malam, ka tambayi me ya sa manoman fadamar Rima ba sa tashi ko an yi shelar ambaliya a rediyo, har kana zargin taurin kai. Ni dai ban yarda ba.

Yadda ake faɗar saƙon ne. Tun 1981 masana halayyar ɗan adam Tversky da Kahneman suka nuna cewa in aka ce "mutum 200 cikin 600 za su tsira", aka kuma ce "400 za su mutu", mutane kan zaɓi daban, alhali lissafi ɗaya ne. Hukumar Yanayi ta Duniya ma yanzu tana ƙarfafa hasashen da ke faɗar ɓarnar da ruwa zai yi, ba yawansa kaɗai ba. Ka ce wa manomi "milimita 80", ya ce Allah ya kawo. Ka ce "ruwa zai ci hanyar kasuwa kafin la'asar", ka ga ya miƙe.

Sannan daga bakin wa saƙon ya fito? A 2010, da ruwan madatsar Goronyo ya ɓalle, kawuna ya ji a rediyo, ya gyara zama. Sai da mai gari ya aiko yaro a guje, ya faɗi inda za a kai awaki, tukuna kawu ya kwance su.