Kada ka jona masa cajar waya kai tsaye, ɗan'uwa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka cewa baturan fitilun mutum-mutuminka na ado ba sa jimawa, kana so ka yanke kan tsohuwar caja ka ba shi wuta daga waje. Wallahi da na karanta sai gabana ya faɗi, domin hanyar da na bi ke nan na rasa wanda na fi so a cikin tarina. Don Allah ka dakata tukuna.

Nawa na kamfanin Hot Toys ne, mai fitila a ido da ƙirji da tafin hannu biyu. Wata da watanni na yi ina tara kuɗinsa, sannan na jira wani abokina ya taho mini da shi. Da na gaji da sayen ƙananan batura sai na kai shi wurin wani mai gyaran waya a kasuwa. Na ce masa a bi a hankali, ba kayan wasan yara ba ne. Ya yi dariya, ya ce shekararsa nawa yana wannan aiki. Ko mitar auna wuta bai ɗauko ba. Ya huda murfin bayan da ƙarfen dalma mai zafi, ya zura waya, ya jona caja. Ƙirjin ya haska da wani irin haske da ban taɓa gani ba, sai ya dushe, sai ƙauri. Ina tsaye ina kallo. Abin da ya fi ƙona mini rai, cewa ya yi ai dama kayan ba su da inganci, kuma ya miƙo hannu a biya shi kuɗin aiki. Na biya don kada a tara mana jama'a. A daren nan ban iya cin abinci ba. Har yau ramin nan yana bayansa, gefensa a narke, kuma ba na bi ta layin shagon nan.

Daga baya na gane dalili. Batir LR44 ɗaya 1.5V ne, uku a jere 4.5V, caja kuma 5V, sai mutum ya ɗauka ratar ba ta da yawa. Amma waɗannan ƙananan baturan ba su da ƙarfin turo wuta mai yawa, su da kansu suke taƙaita ta, shi ya sa wasu fitilun ake haɗa su ba tare da resista ba, wato ɗan abin da ke rage wutar da ke wucewa. Caja kuwa duk abin da ƙwan fitilar ya ja za ta ba shi har ya ƙone. Ƙwan fitilar LED fari ko shuɗi kusan 3V yake so, ja kusan 2V, kuma yawancinsu bai kamata wutar da suke ja ta wuce 20mA ba. To ka sa resista a kan wayar. Ni da resista mai 220 ohm nake farawa, in hasken ya yi rauni in sauko, amma a kan caja ba na yin ƙasa da 100 ga fari ko shuɗi, ko 150 ga ja. Kowane ɗakin batir da tasa resistar, kada ka haɗa kai da ƙirji a kan guda ɗaya.

Kuma ka ƙirga baturan da ke ciki tukuna. 'Yar fitilar nan ta kamfanin Bandai da muke sa wa mutum-mutumin Gundam LR41 biyu take ci, 3V ke nan kacal, ita batir AA biyu a cikin gidansu sun fi mata caja.

Kada ka huda komai, ina roƙonka. Ka fere ɗan icce ko roba daidai tsawon baturan, ka naɗa ƙarshen waya a kowane gefe, ka cusa shi a gurbinsu. Siririyar wayar cikin tsohon abin sauraro na kunne tana fita ta gefen murfi ba tare da an fasa shi ba, sai dai ka kankare bakinta domin tana da rufi. Ka gwada da mita ka san gefen + da gefen − kafin ka kunna.

Wani abu kuma, ko ba ka yi wannan aikin ba, ka cire baturan daga duk wanda ke ajiye. Zafin bazara yana sa su zubar da ruwa, ya cinye ƙarfen ciki ya bar farin gari. Na same shi a guda biyu. Ruwan lemon tsami kaɗan a auduga yana cire shi, ka bari ya bushe sarai.

Ni yanzu fawa bank nake amfani da shi, domin ina tsoron ƙarfin da wuta ke dawowa da shi, balle ta janareta. Sai dai wasunsu suna kashe kansu in abin da ake ja ya yi kaɗan. Nawa in na danna maɓallinsa sau biyu sai ya tsaya a kunne, ka duba ko naka yana yi. Kuma ba na barin fitilun su kwana a kunne.

Ka buɗe murfin ka ɗauki hoton ɗakin batirin da lambar da ke jikin baturan ka sa mana a nan, in gaya maka resistar da za ka nema.